Damƙa gidan haya ga ofishin kula da kadarori: me kashi 10 ɗin yake saya maka?

Wanda ya kammala gidan hayarsa na farko a Kano ko Kaduna, ko ciki da falo huɗu ne ko fulat biyu, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai dillalin unguwa ya kawo mutum, ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa, ko kuma a damƙa gidan ga ofishin masu kula da kadarori, irin waɗanda ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke sa ido kan wannan sana'a a Najeriya. Aikin na biyun ne muke aunawa a nan.

Galibi sukan yanki kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya duk shekara, kuma mai gidaje da yawa yana iya neman ragi. Idan haya naira 800,000 ce, 80,000 ta tafi ke nan. La'adar shiga da kuɗin rubuta yarjejeniya kuwa, a al'ada ɗan haya ake ɗora wa.

Inda suka fi dillali nesa ba kusa ba shi ne takarda. Mai neman haya zai cike fom: cikakken suna, lambar NIN mai alƙaluma 11, hoto, wurin aiki ko lambar shago a kasuwa, yawan iyali, da mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya masa. Yarjejeniyarsu ma tana taɓo abubuwan da sabon mai gida ba ya tunawa sai rigima ta tashi: wa zai biya kuɗin yashe sokawe, wa zai gyara sumo idan ya ƙone, yadda za a raba kuɗin shara da na 'yan sintiri, da sharaɗin kada ɗan haya ya saka wani a ɗakin ko ya mayar da falo shago. Ofishi mai kyau yana zagaya gidan da ɗan haya kafin a miƙa makulli, a ƙirga fankoki, kawunan famfo, tagogi da makullai, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. Ba tare da wannan ba, kuɗin ajiyar da aka karɓa domin ɓarna gardama kawai zai haifar ranar tashi. Haka lambar mita: a rubuta ta da abin da ke kanta ranar shiga, domin kada bashin wutar da wani ya sha ya yi gaba ya zama abin gardama.

Sai batun tantance mutum, wanda a nan ne aikin ya fi rauni. Cike fom daban, bin diddigin abin da aka cike daban. Ofisoshi da yawa sukan buga wa wanda ya tsaya wa mutum waya sau ɗaya, shi ke nan, alhali ana iya samun mutum guda ya tsaya wa mutane biyar da bai san ƙofar gidansu ba. Lambar tsohon mai gida da ake bayarwa kuwa, wani lokaci ta aboki ce. Dalilin sakacin ba ɓoyayye ba ne: ofishi ba ya samun sisi sai an shiga gidan, don haka ɗaki a rufe ya fi damunsa a kan baƙon da ba a sani ba. Mai gida ya sa sharaɗi tun farko cewa ba za a karɓi kuɗin kowa ba sai ya ga fom ɗin, sa'annan ya taka da ƙafarsa zuwa inda mutumin ya taso. Minti goma da maƙwabci ko mai unguwa ya isa a ji ko yana biya a kan lokaci, ko sai an kai ruwa rana. Gaggawa ma abin lura ce. Wanda ya zo da kuɗin shekara biyu a hannu yana son makulli yau, a tambaye shi abin da ya koro shi. Karɓar shekara biyun ma ba riba ba ce yadda farashi ke tashi, kuma a Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya.

Ranar da zama da ɗan haya ya ƙi daɗi ne kuɗin ofishin yake halatta. Dokar da ke aiki a Abuja ta ba mai hayar mako notis na mako guda, mai hayar wata wata guda, mai hayar shekara wata shida, sai dai in yarjejeniya ta yanke wani wa'adi dabam. Jihohi da dama ma kusan haka suke. Bayan wa'adin ya cika akwai wata takardar ta kwana 7 kafin a tafi kotu, kuma idan wakili ne zai sa mata hannu, sai mai gida ya ba shi izini a rubuce. Kuskuren kwana ɗaya a lissafi yana iya jawo doguwar jayayya a gaban alƙali. Cire ƙofa, kware rufi ko yanke ruwa don a kori mutum kuwa, mai gida ne zai koma wanda ake ƙara.

Ƙorafin da aka fi yi da su shi ne riƙe kuɗi: ɗan haya ya biya a watan Janairu, mai gida bai gani ba sai Maris, an kuma zaftare wani abu da sunan gyara. Maganinsa a rubuta cewa haya kai tsaye za ta shiga asusun mai gida, shi ya biya ofishi kasonsa, kuma duk gyaran da ya wuce wani adadi sai da yardarsa da rasit.

Ga mai ɗakuna da yawa, ko wanda aiki ya kai wani gari, aikin ya ci kuɗinsa. Mai fulat guda a jikin gidansa kuwa, lauya ya rubuta masa yarjejeniya sau ɗaya, ya sayi littafin rasit mai kwafi biyu, ya riƙe kashi 10 ɗinsa.