Deken ko kwafa da filasha: wace hanya ta fi wajen ƙara laburare a Pure Data?

Wani ɗan'uwa da ke haɗa sauti a wani situdiyo nan cikin Sakkwato ya yi tambaya: an turo masa aikin Pure Data (Pd a taƙaice, manhajar da ake haɗa sauti da ita ta hanyar jona akwatuna da layuka), ya buɗe sai ya tarar da akwatuna da yawa da tsinkakken layi, alamar manhajar ba ta gane su ba, sauti kuma shiru. Shin ya kamata ya sauke abin da ya rasa ta Deken ne, wato sashen manhajar mai sauko da ƙarin kayan aiki daga intanet, ko ya karɓi folda wurin abokinsa a filasha?

Malam, Pure Data ɗin da Miller Puckette ya fitar tun 1996 da kayan aiki kaɗan yake zuwa. Sauran, irin su Cyclone da ELSE da zexy da Gem, wasu mutane ne suka rubuta su daban, kuma su ake kira laburare. A da akwai Pd-extended mai zuwa da su a haɗe, amma an daina kula da shi, don haka duk darasin da ya ce ka sauke shi tsohon yayi ne.

Deken yana cikin manhajar tun siga ta 0.47. Ka nemi "Find externals" a menu, ka rubuta sunan laburaren, ka danna. Babban amfaninsa ba sauƙin ba ne kaɗai. Kowace laburare an gina ta ne daban-daban: ta Windows daban, ta Linux daban, ta Mac daban, kuma ko a Windows ɗin akwai 32-bit da 64-bit. Deken yana duba kwamfutarka ya gabato maka wadda ta dace da ita, ya ajiye ta a foldar "externals" da ke ƙarƙashin Documents/Pd. Abin da yake nema gare ka shi ne intanet, kuma irin su Cyclone da zexy ba su cin data sosai.

Filasha kuwa ba ta tambayar kowa komai. Abokinka yana da Mac, kai kana da tsohuwar HP ta hannu mai Windows, ka kwafe foldarsa, ga fayiloli nan a zaune amma Pd zai ci gaba da rubuta maka "couldn't create" da jan rubutu. Ka duba ƙarshen sunan fayilolin kafin ka kwafa: .dll na Windows ne, .pd_linux na Linux, .pd_darwin na Mac. Duk da haka ban raina wannan hanyar ba, domin wasu masu situdiyo ba sa yarda kwamfutar aiki ta taɓa intanet saboda tsoron bairos, kuma suna da gaskiyarsu. In haka ne, a sauko da fayil ɗin .dek (ƙunshin laburaren da Deken ke saukewa) da ya dace a wata kwamfutar. Zip ne kawai aka sauya wa suna, ana iya warware shi a zuba a foldar.

Ga inda mutane suka fi yin tuntuɓe, kuma ya shafi hanyoyin biyu: ajiye laburare daban, kiranta daban. Ka buɗe sabon akwati a cikin aikinka ka rubuta "declare -path else" in ELSE kake so. Ita zexy da Gem sai da "declare -lib zexy" ko "declare -lib Gem", saboda dole a loda su tukuna. Ka lura da babban G ɗin nan. Sai ka adana, ka rufe aikin, ka sake buɗewa. Na fi son wannan a kan saka su cikin saitin manhajar, domin ranar da ka tura wa wani aikin, da ya buɗe zai ga abin da ake buƙata a rubuce.

A ganina, in dai za ka iya kunna hospot na wayarka na ɗan lokaci, ka bi Deken. Filasha sai in kwamfutocin biyu iri ɗaya ne. In kuma Cyclone da ELSE ne kawai damuwarka, ka gwada plugdata, wata manhaja da aka gina a kan Pd: da su yake zuwa a ciki, kuma yana shiga manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio a matsayin VST, wato ƙarin kayan sauti da ake ɗorawa a cikinsu.

Turo mana sunayen akwatunan da suka ƙi, mu gaya maka laburaren da kowanne yake ciki.