Ɗamarar auna bugun zuciya mai araha da ta kai ni gaban likita

Na sayi wannan na'ura ne a ƙarshen damina, bayan na shafe kusan shekara biyu ina fita da keke da sassafe saboda likita ya ce jinina ya fara hawa, nauyina kuma ya wuce kima. Irin mai arahar nan ce da ake ɗaurawa a ƙirji, wadda duk mai leƙa shagunan kayan motsa jiki ya san ta, ya kuma san kuɗinta: ɗamara ce mai talewa, da wani ɗan baƙin akwati da ake maƙala mata a gaba da maɓallai biyu. Raina ya so Polar H10 ko ta Garmin, irin wadda biyu daga cikin abokan fitarmu suke ɗaurawa, amma da na yi lissafi sai na ga kuɗin zai saya mini taya biyu da sarƙa har a ba ni canji, don haka na haƙura na ɗauki daidai ƙarfina.

Kafin ita, agogon hannu nake amfani da shi, irin mai koren haske a bayansa. Shi yana haska fata ne yana lura da yadda jini ke kai komo a ƙarƙashinta, kuma idan mutum yana zaune ko yana tafiya a ƙasa ba shi da laifi. A kan keke kuwa, inda wuyan hannu yake a lanƙwashe, yatsu sun damƙe ƙarfe, ga jijjigar titi mai ramuka, sai ya riƙa ba ni lissafin da hankali ba zai ɗauka ba. Ina haki a kan hawa yana nuna bugu 95 a minti ɗaya, sai na gangara na sarara sannan zai farga ya haura 150. Ita ɗamarar ƙirji ba ruwanta da haske, 'yar wutar da zuciya ke fitarwa a kowane bugu take ɗauka ta wasu faci biyu na roba da ke manne da fata. Tun 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fito da irinta marar waya, shi ya sa na ce wa kaina abin da ya kwana biyu haka a duniya, ko mai araharsa ma ba zai kasa aikin ba.

Wata biyun farko ban ga abin kushewa ba. Ta haɗu da wayata ta Bluetooth ba tare da wahala ba, manhajar Strava, wadda ke ajiye lissafin motsa jiki, ta gane ta nan take, kuma ita ce ta nuna mini cewa shekara biyun nan ina wahalar da kaina ne a banza, domin kullum da ƙarfin tsiya nake tuƙi har in dawo gida a galabaice. Da na koyi riƙe bugun tsakanin 130 da 140 sai na ga ina yin nisa fiye da da, in kuma je ofis ba tare da gyangyaɗi ba. A lokacin har tallarta nake yi wa mutane ba a tambaye ni ba.

Abin ya faru ne a mako na biyu na watan Disamba, hunturu ya kankama. Mun fito bayan sallar asuba muka hau titin Zariya da niyyar mu kai Kwanar Dawaki, can wajen garin Kano, mu juyo. Hazo ya rufe gari, iska busasshiya tana kaɗawa, irin wadda ke tsaga leɓe da diddige. Na sa jesi, na ɗora wata rigar sanyi ta leda a sama wadda ta ɗan yi mini yawa, iska tana ta kaɗa ta. Ba mu yi minti 10 da fara tafiya ba, ko zufa ban fara ba, na kai ido kan wayar da ke ɗaure a kan keken sai na ga 208. Na ƙifta ido na sake dubawa, ta koma 214.

Shekarata 46. Lissafin nan da kowa ke yi, a cire shekarun mutum daga 220, ya ba ni 174 a matsayin iyakar da bai kamata in wuce ba, kuma ko da yake na san ƙiyasi ne kawai, tazarar 40 ba abin wasa ba ce. Abin da ya ƙara ɗaga mini hankali shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya bai kai shekara 60 ba, yana zaune a ƙofar gida ana hira da shi. Wannan hoton ne ya faɗo mini. Na taka birki, na sauka, na jingine keken kusa da teburin wani mai shayi, na zauna a kan benci ina salati. Lambar ta sauko 120, ta faɗi sifili, ta sake tashi 190. A wannan lokacin kam zuciyata ta fara dukan uku-uku da gaske, domin tsoro ya riga ya shige ni, kuma duk da karatun da nake taƙama da shi bai zo mini a rai in ɗora yatsa a wuyan hannuna in ƙirga da kaina ba. Mai shayin ya miƙo mini ruwa yana cewa, "Malam, lafiya kuwa? Ko a kira wani?" Abokan tafiya sun yi gaba ba su lura ba, sai ɗaya daga cikinsu ne ya waiwayo ya dawo, ya tare mini adaidaita sahu, muka cusa keken rabinsa a waje, aka kai ni gida kamar wanda mota ta buge.

Uwargida da ta gan ni a haka, ta kuma ji bayani, cewa ta yi, "Malam, wallahi keken nan ba za ka sake hawansa ba sai likita ya duba ka." Ban yi musu ba. Muka tafi wani asibitin kuɗi, aka yanki kati, aka auna jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu aka yi gwajin zuciya da ake kira ECG, aka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji. Kafin azahar na kashe kusan ninki biyu na abin da na sayi na'urar, ga wunin aiki da ya tafi, ga 'yan'uwa da labari ya riga ya kai musu suna ta bugo waya, har yayata da ke Kaduna ta ce za ta taso.

Likitan ya duba takardar gwajin ya ce bai ga komai ba. Ya tambaye ni ko na ji jiri, ko ƙirjina ya yi ciwo, ko numfashina ya sarƙe kafin in kalli wayar, na ce babu ko ɗaya. Ya karɓi wayar ya duba zanen bugun na safiyar, inda layin ya tashi daga 112 ya miƙe tsaye zuwa sama da 200 cikin daƙiƙa biyu, sannan ya faɗo ƙasa warwas. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, zuciyar da ta nuna sifili ba ta barin mai ita ya hau adaidaita sahu yana ba da labari." Amma ya ƙara da cewa zuwan da na yi daidai ne, domin akwai larurar da ke sa bugun zuciya ya zabura haka kwatsam, kuma wanda mahaifinsa ya rasu ta wannan hanya bai kamata ya yi sakaci ba. Ya ce idan ta sake faruwa in ɗora yatsu biyu a jijiyar wuya ko ta hannu, in ƙirga na daƙiƙa 15, in ninka sau huɗu, idan lissafina ya zo ɗaya da na na'urar to in dawo ba tare da jinkiri ba.

Na dawo gida a fusace, na cire ɗamarar na jefa ta cikin loka da niyyar ba zan sake taɓa ta ba. Sai ranar Asabar da muka haɗu, wani dattijo a cikinmu da ya fi kowa daɗewa a harkar ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya yi mini tambaya ɗaya: "Ka jiƙa ta kuwa kafin ka ɗaura?" Na ce wane irin jiƙawa? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe facin robar nan ba sa ɗaukar wutar zuciya sai da danshi tsakaninsu da fata. A watan Oktoba kafin in fita daga layinmu zufa ta riga ta jiƙa ni, shi ya sa ban taɓa ganin matsala ba. Da hunturu kuwa fata a bushe take ƙamas, kuma ni da hannuna na ƙara ɓata lamarin, domin a safiyar na shafe jikina da basilin har ƙirji saboda sanyi, mai kuwa raba robar yake yi da fata. Sannan ga rigar ledar da iska ke kaɗawa tana gogar jesi, tana tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan mutum ya cire rigar sanyi cikin duhu, na'urar kuma tana ƙirga ta a matsayin bugun zuciya. Ya ce ko masu tsadar ma suna yin haka idan an ɗaura su a bushe.

Na gwada abin da ya ce. Na daina shafa mai a ƙirji, na riƙa jiƙa facin da ruwa, na ɗaure ɗamarar tamau a ƙasan ƙirji, na kuma ajiye rigar ledar. Tun daga ranar lambar ba ta sake yin wannan haukan ba. Har na ari Polar ɗin abokina na ɗaura su tare muka yi kilomita 30, bambancinsu bai wuce bugu ɗaya ko biyu ba daga farko har ƙarshe, ko a kan hawa ko a gangara. Gaskiya abin ya ba ni mamaki, na ji kunyar zagin da na yi mata, kuma da a wannan makon na rubuta sharhin nan da yabo kawai za a karanta.

Sai dai duk lokacin da na tuna kuɗin asibitin nan raina yana sake ɓaci, domin magana ce ta jimla ɗaya da babu wanda ya ga damar faɗa mini. Littafin da ke zuwa da ta abokina ya faɗi ƙarara cewa a jiƙa facin kafin a ɗaura. Tawa kuwa wata 'yar takarda ce aka naɗe a kwalin, rubutunta ƙanana kamar ƙwayar gero, da na koma na bincika sai na ga wani zanen ɗigon ruwa a gefe ba tare da bayani ba, wanda ni da farko na ɗauka yana nufin ruwa ba ya shigarta. Da na kira wanda ya sayar mini na ba shi labari, ba don ya biya ni komai ba, sai don ya riƙa gargaɗin masu saye, amsar da ya ba ni ita ce, "Yallaɓai, ai wannan kowa ya sani." Mutumin da ke sayar da irin wannan kaya a garin da ake wata uku ana hunturu, kuma yawancin masu sayensa dattawa ne da likita ya tura motsa jiki, bai kamata ya faɗi haka ba.

Daga nan kuma ƙananan abubuwa suka fara fitowa. Batirin, irin zagayayyen nan CR2032, bai cika wata uku ba ya mutu, saboda ina barin akwatin a maƙale da ɗamara mai danshi, ita kuma ta ɗauka har yanzu a jikin mutum take, sai ta kwana tana aiki. Wannan ma takardar ba ta faɗa ba. Murfin batirin da kwabo ake murɗa shi, robarsa kuma laushi gare ta, buɗewa biyu kawai ta fara cinyewa, yanzu sai na lallaɓa shi da bakin cokali. Da na ari ƙaramar kwamfutar keke don in gwada, sai na tarar Bluetooth ɗinta abu ɗaya kawai take iya riƙewa a lokaci guda, idan waya ta riga ta kama ta to kwamfutar ba za ta gan ta ba. Abin da ya cece ni shi ne tana da ANT+, wanda ke watsa lambar ga duk na'urar da ke sauraro, na haɗa kwamfutar ta nan na bar wa waya Bluetooth. Wanda zai saya ya tabbatar tana da duka biyun, domin akwai masu kama da ita sak a ido da ba su da shi.

Ɗamarar ce ta fi ba ni haushi. Da zafi ya shigo a watan Maris, gishirin zufa ya fara cin maɓallan duk da ina ɗauraye ta bayan kowace fita, robar kuma ta saki har ta riƙa zamewa tana sauka kan tumbina ana tsakiyar tafiya, in tsaya a bakin titi ina cusa hannu cikin riga mutane suna kallona. Dole na sayi wata ɗamarar daban, aka yi sa'a maɓallanta suka shiga akwatin. Idan na haɗa kuɗin na'urar da na ɗamara ta biyu da batura, ban ma sa na asibiti ba, na kusa kai farashin masu matsakaicin tsada da na tsallake tun farko.

Har yanzu da ita nake fita sau huɗu a mako, akwatin kuma bai taɓa ba ni lambar ƙarya ba muddin na jiƙa facin, har na ajiye kofin ruwa a bakin ƙofa saboda ita. Uwargida dai ba ta yafe mata ba, "wannan maƙaryaciyar" take kiranta. Ɗamara ta biyun ma maɓallinta na hagu ya fara yin kore.