Sashen ƙwaƙwalwa na ranar Talata: abin da na gani cikin wata takwas

Sana'ata alkaki da dubulan da nakiya, na gara da na suna. Shekara 11 ina yi a cikin gida a nan Kano, kuma duk wadda ta san wannan aiki ta san ba na mai son jiki ba ne: kwaɓi tun dare, murza da asuba, zama gaban kasko har la'asar. Na fara da wannan ne don a gane nauyin maganar idan na ce bayan haihuwata ta uku na yi wata biyar hannuna bai taɓa gari ba. Babu inda ke mini ciwo. Ina kwance, yarinya tana kuka a gefena, ni kuma ina jin kukan kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa.

Haihuwata biyu na farko gida na tafi wanka. Inna ce ke dafa ruwa da ganyen darbejiya, ita ke dama kunun kanwa, ita ke karɓar jariri da daddare ta ce in je in kwanta. Ta rasu ina da ciki wata huɗu. Wannan karon a ɗakina na yi jego, Gwaggo ta zo ta yi mini sati biyu ta koma ga nata iyalin. Aka yi suna, aka yi arba'in, jama'a suka watse, abin da ke ƙirjina kuwa sai ƙara zama yake yi. Abinci ya fita raina. Ƙarfe uku na dare idona biyu, da rana kuma ba na iya ɗaga kai. Masu kawo aiki suka yi ta kira har suka gaji. An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Abin da ya fi cin raina shi ne tambayar da kowa ke yi da kyakkyawar niyya: "Wai me kika rasa? Ga miji, ga 'ya'ya, ga lafiya." Ba ni da amsa, sai na ƙara yarda cewa ni mara godiya ce.

Wadda ta fara ganewa sista ce mai allurar rigakafi. Na makara da kai yarinya allurar sati 14 da kusan wata biyu. Ta duba kati, ta dube ni, ta ce, "Maman Abba, lafiya kuwa? Ba halinki ba ne." Na buɗe baki in ba ta uzuri sai kuka. Ta ja ni gefe, ta rubuta mini takarda zuwa sashen ƙwaƙwalwa.

Da Baban Abba ya karanta takardar sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba dai Dawanau ba ko?" Duk ɗan Kano ya san abin da sunan nan ke ɗauke da shi a bakin mutane, domin asibitin ƙwaƙwalwa ne, ko da yake asibiti ne kamar kowane asibiti, ana zuwa ana samun sauƙi. Ba can aka tura ni ba. Wani asibitin gwamnati ne a cikin gari da ke da sashen da yake ganin masu zuwa daga gida ranar Talata. Ba zan kama sunansa ba, saboda ina da ƙorafi, kuma ba na so ya faɗa kan mutanen da suka tsaya mini.

Ranar farko mun isa ƙarfe bakwai, ban ga likita ba sai sha biyu da rabi. Benci uku ne, mutane sun fi hamsin. Duk wuri ɗaya muke: masu farfaɗiya, samarin da iyaye suka kawo saboda shaye-shaye, tsofaffi masu mantuwa, da irina da ba a ganin komai a jikinmu. Na so in gudu. Daga baya na ji cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, sai layin ya daina ba ni mamaki. Gajiyar dai tana nan, musamman ga mai goyo.

Likitan matashi ne, ba ya sauri. Abu na farko da ya burge ni, bayan ya saurari Baban Abba sai ya ce, "Alhaji, ɗan ba mu wuri." Sannan ya yi mini tambayoyi tara da Hausa, duk a kan sati biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, ko ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinsa, ko ina ganin kaina a matsayin wadda ta gaza. Ta ƙarshe ita ce ko na taɓa jin gara a ce na mutu. Bai kawar da kai ba da ya yi ta, bai kuma yi salati ba da na ce e. Ya tambaya ko na shirya wani abu, na ce a'a, tunani ne kawai yake zuwa. Wannan magana ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yaya da muke ciki ɗaya. Ya haɗa lissafi ya ce na samu 18 cikin 27, kuma sunan abin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ya ce a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da mace ɗaya cikin 10 masu ciki ko masu jego suna gamuwa da shi. Ya bambanta mini shi da ɗan kukan nan da sauyin rai da mata da yawa ke yi a kwanakin farko, wanda ke wucewa da kansa cikin sati biyu. Nawa ya wuce nan tuntuni.

Bai rubuta magani ba sai da ya tura ni gwajin jini, a duba ko ya yi ƙasa, a kuma duba ƙwayar nan ta wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, domin ita ma idan ta rikice bayan haihuwa tana kawo kasala da baƙin rai. Jinin ya ɗan yi ƙasa, wuyan lafiya lau. Kati da ganin likita ba su kai N3,000 ba. Gwajin wuyan ne ya ci kuɗi, a waje ma muka yi shi.

Maganin sertraline ne, ƙwaya ɗaya da safe. Tsorona biyu ne: nono da sabo. Ya ce yana cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa, kuma ba irin ƙwayoyin da ke bugarwa ba ne, sai dai ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa ba zan ga komai ba sai bayan sati biyu zuwa huɗu, wataƙila ma in fara ganin wahalarsa kafin amfaninsa. Haka aka yi. Kwana goma ina fama da tashin zuciya da ciwon kai. Da bai riga ya faɗa mini ba, da na zubar da shi a kwana na uku. A sati na huɗu na yi barcin awa biyar a jere, rabon da in yi haka tun Inna tana raye.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ɗaki na biyu, inda wata mata masaniyar halayyar ɗan'adam take. Anti muke ce mata. Magani ya ba ni barci, ita ce ta mayar da ni gaban kasko.

Na shiga da zaton nasiha za ta yi mini, domin nasiha na sha ta har na ƙoshi. Sai ta ɗauko farar takarda ta ja layuka, kwana bakwai, ta ce in faɗa mata yadda jiya ta wuce daga asuba zuwa isha. Da muka gama, takardar kusan babu komai a ciki: salla, shayarwa, kwanciya. Na ce mata, "Anti, idan na ji ƙarfin zuciya zan koma aiki." Ta ce, "Maman Abba, wata biyar kina jiran sa, ya zo? A wannan ciwo ba ya riga aiki zuwa. Za ki fara ne ba kya so, shi kuma ya biyo ki a baya." Ta ce kwanciyar tana ba ni sauƙi na awa ɗaya, amma ita ce ke raba ni da duk abin da ke faranta mini rai, kuma da raina ya ƙara ɓaci sai in ƙara kwanciya.

Aikin satin farko har kunya ya ba ni don ƙanƙantarsa: in yi wanka kafin azahar, in zauna a tsakar gida minti goma da hantsi. Bayan kowanne in rubuta lamba daga 0 zuwa 10, yadda raina yake. Na rubuta 2, na rubuta 3, wata rana ban yi ba sam. Da na koma ina ba ta haƙuri sai ta ƙirga ranakun da na yi, huɗu ne, ta ce a kansu za mu ɗora. Zama na biyu ta ƙara mini kiran Yaya a waya sau biyu a sati. Zama na uku ta tambaye ni matakan yin alkaki ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa kamar mai koyo, sannan ta ce ranar Alhamis in auna rabin kwano na alkama in wanke in shanya. Shi ke nan. Kada in kai niƙa, kada in kwaɓa. Na wanke na shanya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar alkamar ya buge ni, na tuna Inna ce ta koya mini, na zauna na yi kuka sosai. A takardar ranar na rubuta 5. Bayan sati biyu na soya rabin kwanon nan. Ya yi tauri, sukarin bai shige shi da kyau ba, amma Abba da ƙaninsa suka cinye a tsaye.

Na taɓa tambayarta abin da ya fi damuna, ko raunin imani ne ya jawo mini. Ta tuna mini Annabi Yaƙub, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Ba ta ce in bar addu'a ba, ba ta ce in bar ruƙiyya ba. Azkar ɗin safe ma a cikin jadawalin ta sa mini, kusa da shan magani. Ta kuma kira Baban Abba zama ɗaya. Ban san duk abin da ta faɗa masa ba, amma tun ranar ya daina tambayata me na rasa, ya koma karɓar yarinya bayan isha.

Yanzu ƙorafi, kuma da gaske nake. Na farko sirri. Mai kiran suna yana tsayawa a baranda ya ɗaga murya, wata rana har cewa ya yi, "Masu ƙwaƙwalwa ku koma can," alhali ga layin masu awo a gefe. A cikinsu akwai wadda na taɓa yi wa garar ƙanwarta. Ta gan ni, na gan ta. Na tsallake zama na gaba saboda haka, sai da Yaya ta zo ta ɗauke ni a adaidaita sahu. Ɗakin likita ma allon katako ne ya raba shi da na kusa, ina jin maganar wani, na san shi ma yana jin tawa. Tun watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta yi maganar haƙƙin mara lafiya har da rufa masa asiri. Ya kamata a ce ta iso barandar nan. Ba da lamba maimakon kiran suna ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Na biyu, likita uku na gani cikin wata takwas, kowanne sai na sake ba shi labarin rasuwar Inna daga farko. Na uku, sau biyu kacal na samu maganina a wurin ba da magani na asibitin, sauran duk a kemis, kuma kuɗinsa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Na ga wata baiwar Allah tana tambaya ko za ta iya shan nata rana ɗaya ta tsallake ɗaya don ya kai ta wata. Anti kuma ita kaɗai ce, shi ya sa zaman da ya kamata a yi duk sati yake komawa bayan sati uku.

Duk da haka, idan 'yar'uwata ta shiga halin da na shiga, da hannuna zan kai ta. Wadda ta wuce sati biyu a irin wannan yanayi ta je, ko mai jego ce ko ba ita ba, maza ma suna kan bencin nan. Ta tafi da wuri, da ruwa da ɗan abin taɓawa, da wanda zai riƙe mata goyo, kuma ta nemi a haɗa ta da mai zaman tattaunawa, don ba kowa ake turawa ba sai ya tambaya. Wadda kuwa take jin za ta cutar da kanta ko jaririnta, ko take jin muryoyi, ko ta yi kwanaki ba barci tana surutai, kada a jira Talata. A kai ta sashen gaggawa a ranar.

A zuwana na ƙarshe tambayoyi taran nan sun ba da 5. Likita ya ce in ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan samun sauƙi kafin a yi maganar ragewa, kuma na yarda. Akwai ranakun da nauyin ke dawowa, musamman Juma'a, ranar da na saba zuwa gaishe da Inna. Irin ranakun nakan ɗauko takardar in duba abin da ke gaba in yi shi kawai. Satin nan na karɓi aikin gara na farko, kwano uku na alkaki da biyu na dubulan, za a karɓa ranar Asabar. Na ce wa mai aikin nakiya ta kai wa wata, ban kai ƙarfin daka ba tukuna.