Shagon kayan takalmi a Ƙofar Wambai da ba ya sayar wa yara sholisho

Cikin shagunan da ke sayar da kayan haɗa takalmi a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano akwai guda ɗaya da ya cancanci a yi magana a kansa, saboda yadda mai shi yake tafiyar da cinikin gam da sholisho. Sauran kayansa, wato fata da robar tafin takalmi da zare da basilla, ba su da aibu, amma ana samun irinsu a kowane layi. Gam ɗinsa kuwa a gwangwani yake zuwa a rufe, bai sha iska ba, ba a kuma sirka shi da fetur ba, shi ya sa idan aka shafa, aka bari ya ɗan bushe, aka haɗa aka buga da guduma, tafin takalmin ba ya ɗagowa ko da damina.

Gwangwanayen suna can bayansa a kanta ta sama, inda hannun mai wucewa ba ya kaiwa. Ba ya tsiyaya wa kowa a leda ko a murfin kwalba, kuma baƙon da bai sani ba sai ya tambaye shi inda rumfarsa take. A gabana wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ya miƙo kuɗi a dunƙule, ya ce maigidansa ne ya aiko shi. Alhajin ya dubi hannun yaron, babu tabon gam ko kanta irin ta mai koyon sana'a, sai ya ce masa: "Ɗana, koma ka ce wa maigidan naka ya zo da kansa, ko ya kira ni, yana da lambata idan abokin cinikina ne." Yaron bai dawo ba.

Wannan tsari yana da muhimmanci idan aka dubi inda doka ta tsaya. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, tana iya kama mai tabar wiwi kai tsaye, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A watan Yulin 2023 shugaban hukumar, Buba Marwa, ya ba da umarnin farautar masu sayar da iskar nan mai sa dariya da matasa ke zuƙa daga balan-balan a wuraren shagali, iskar da asalinta likitocin haƙori ke amfani da ita don rage raɗaɗi, amma yawan zuƙarta yana lalata aikin bitamin B12 a jiki har jijiyoyi su raunana, ƙafafu su sage. Birtaniya ma ta haramta mallakarta don maye a watan Nuwambar wannan shekarar. Sholisho kuwa kayan sana'a ne da baduku da mai faci da kafinta ba za su yi aiki babu shi ba, don haka ba a iya kwashe shi daga kasuwa, alhali sinadarin toluwin da ake sa wa ire-iren wannan gam yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda ga mai zuba shi a tsumma yana shaƙa. Abin da ya rage shi ne hankalin wanda ke zaune a bakin kanta, kuma a nan ne shagon ya yi fice.

Tsarin yana da nasa nauyin. Mai gyaran takalmi na bakin titi, wanda jarinsa bai kai na gwangwani guda ba, shi ne ya fi jin jiki, tunda ba a auna masa na ɗan kuɗi kaɗan, kuma na ga wasu suna ficewa da fushi zuwa shago na gaba. Tambayoyin ma suna cin lokaci da safe, lokacin da masu sana'a ke sauri, ga shi farashin ya ɗan ɗara na maƙwabta. Ina ganin da Alhajin zai kawo ƙananan gwangwanaye ya riƙa sayar wa waɗanda ya sani a fuska, da ya rage wannan ƙorafi ba tare da ya saki ƙa'idarsa ba. Kafin nan, mai ƙaramin jari ya nemi abokin sana'a su haɗa kuɗi su sayi gwangwani guda, sabon abokin ciniki kuma ya fara zuwa tare da wanda aka sani a shagon.