Batirin Ado Na Tsofaffin Motoci Masu Rimot: Wanne Ya Fi Dacewa Ka Saya?

Duk mai tara tsofaffin motocin wasa masu rimot na kamfanin Tamiya na Japan, irin su Grasshopper da Hornet na 1984 ko Hotshot ta 1985, ya san mota ba ta cika ido sai da batirin zamaninta. Batirin nan mai 7.2V doguwar sanda ce da aka naɗe da leda, a cikinta ƙwayoyi shida ne na NiCd (nikel da kadmiyam, masu karɓar caji) masu girman da ake kira sub-C, kowace 1.2V, kaurinta kusan milimita 23, tsawonta 43. Na shekarun 1980 galibi 1200mAh ne, wato yawan cajin da suke ɗauka.

Wanda ya fi tsada shi ne tsohon batir da ba a taɓa buɗe shi ba, musamman idan yana cikin kwalinsa. Yana da daraja a wurin masu tarawa, amma kada ka sa shi cikin mota. Ruwan da ke cikin ƙwayoyin sinadari ne mai cin ƙarfe, kuma bayan shekara kusan arba'in robar da ta toshe bakin ƙwaya ta gaji. Ruwan yakan tsatso ya bushe ya zama farin gari, ya bi baƙar waya ya cinye tagullar cikinta, har ya kai ga sassan motar. Zafi yana gaggauta wannan, don haka a ƙasa mai zafi abin ya fi sauri. Nemi hoton ƙarshen batirin duka biyu da gindin wayoyi. Farin gari, kumburi a ƙarƙashin leda ko kore a bakin soket, duk dalili ne na rage farashi.

Idan ado kawai ake so, tsohon batir da ya mutu amma ledarsa da tambarinsa ba su lalace ba shi ya fi riba. Ai ledar ka saya, ba wutar ba. Sa safar hannu da tabarau, ka tsaga ledar da reza a layi ɗaya ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ka zaro ƙwayoyin. Goge ledar da murafun gefe da soket da auduga mai ɗan ruwan khal, sannan da ruwa, ka bari su bushe sarai. A gurbin ƙwayoyin sa sandunan katako biyu masu kaurin milimita 22 zuwa 23, tsawon kowace kamar milimita 129, wato ƙwaya uku a jere. Ka ɗan sassaƙa zobe a mahaɗar kowace ƙwaya. In ba haka ba ledar za ta kwanta sumul, mai ido kuwa zai gane nan take. Haɗa tsagar da salatif marar launi. Tsohuwar leda ta riga ta yi tauri, don haka kada ka kusanta mata zafi, tsagewa za ta yi. Kadmiyam da ke cikin tsofaffin ƙwayoyin guba ne: ba a ƙona su, ba a fasa su, sai a kai wurin da ke karɓar matattun batura.

Akwai kuma sabuwar leda mai tsukewa da zafi, tare da sitika da aka kwaikwayi ta asali. Arha ce, kuma na'urar busar da gashi kan isa ta tsuke ta idan kana jujjuya batirin a hankali. Sai dai launinta yakan fi na asali sheƙi, kuma wasu masu sayarwa ba sa faɗa maka cewa kwaikwayo ce. Sai ka tambaya.

Sa sababbin ƙwayoyin NiMH (masu karɓar caji, marasa kadmiyam) a ƙarƙashin tsohuwar leda yana da amfani ne kawai idan za a riƙa tuƙa motar. Idan ajiye ta za a yi don ado, cajin tsiyayewa zai yi, ka koma gidan jiya.

Ka kuma duba siffa kafin ka biya. Sand Scorcher da Rough Rider na 1979 ba doguwar sanda suke ɗauka ba. Nasu ko dai 6V mai ƙwaya biyar, ko 7.2V mai doro, inda ƙwaya ta shida ke zaune a bisa sauran.