Mako shida ina koyon tsayuwar hankaka

Ciwon baya ne ya kai ni ga yoga. Zaman ofis daga takwas zuwa biyar ya sa ƙuguna ya ƙage, sai wata ƙawata ta nuna mini wata manhaja a wayarta. Na biya, na zaɓi darasin mako shida da aka gina kacokan a kan tsayuwa ɗaya. A tsuguna, a kafa tafin hannu biyu a ƙasa, a ɗora gwiwoyi a bayan damatsa, a karkato gaba har ƙafafu su rabu da ƙasa. Manhajar na kiranta bakasana, amma a Sanskrit, tsohon harshen Indiya, baka tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu irin zalɓe, kuma ita da miƙaƙƙen hannu ake yi. Wadda ake lanƙwasa gwiwar hannu, wadda muka koya, sunanta kakasana, wato ta hankaka.

Abin da ya ci kuɗinsa shi ne jerin motsin da aka tsara. Kowane zama minti 45 ne, kuma ba a taɓa hankakan sai wajen minti na 35. A makon farko haushi na ji, na ɗauka jan lokaci ne kawai. Sai a mako na biyu na lura malamar da ke cikin bidiyon ta yi wa tsayuwar gunduwa-gunduwa ne, tana ba mu kashi ɗaya-ɗaya. Gantsara baya da ƙudundune shi irin na kyanwa, shi ne doron da ake buƙata a sama. Chaturanga, inda ake saukowa da gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ita ce ke zama kantar da gwiwoyi za su hau. Navasana, zaman kwale-kwale, ita ke tayar da naman ciki. Wanda ya fi burge ni, ta sa mu kwanta rigingine, mu tura tafin hannu sama kamar muna tallafe rufin ɗaki, mu jawo gwiwoyi su taɓa damatsa. Hankakan ne sak, a kwance, babu fargabar faɗuwa. Cikina har rawa yake yi.

Wannan salo na hawa mataki-mataki shi ake ce wa vinyasa krama, kuma ana danganta shi da Krishnamacharya, wanda ya koyar a Mysore ta Indiya a shekarun 1930. Ɗalibinsa Iyengar ne ya yaɗa amfani da ɗan bulon katako ko na soso da ɗamara don tallafa wa jiki. Bulon ya yi mini rana ƙwarai. Da na tsaya a kansa kafin in karkato, ƙugu ya riga ya yi sama, gwiwoyi suka hau ba dambe. Ban sayi nasu ba, tsohon ƙamus na taka.

Akwai jerin da ake kira surya namaskar, gaisuwar rana. Sunan bai kwanta mini ba, don haka na bar haɗa hannu a ƙirji da rera wasu kalmomi, na ɗauki motsa jikin kawai.

To, ga inda suka gaza. Ana ɓata kusan minti goma kan malasana, wato tsugunno, ana lallashin mutum ya sauke diddige ƙasa. Ni da na tashi ina wanke-wanke da alwala a tsugune! An tsara shi ne don masu rayuwar kujera, kuma babu hanyar tsallakewa. Wuyan hannu kuwa, wanda shi zai ɗauki nauyin jiki duka, ko minti biyu ba a ba shi. A mako na uku na hagu ya riƙe, kwana biyu ban iya tuƙa tuwo ba. Daga nan na fara ƙara minti biyar da kaina, ina murza shi, ina juya yatsu su kalli gwiwa.

A wannan makon dai na kifa. Na kalli yatsun ƙafata maimakon gabana, sai ji na yi goshi ya daki tayil. Shawarar a ajiye matashin kai a gaba sai a mako na huɗu ta zo, bayan ƙulu ya riga ya fito. Ga cin data, don ba a iya sauke bidiyon, ga kuɗi da dala da ke sabunta kansa ba sallama.

Sassauta jiki a ƙarshen zama dai sun iya shi: miƙar da wuyan hannu, gada, wato ɗaga ƙugu sama a kwance rigingine, don buɗe ƙirjin da ya sha ƙudundunewa, murɗa ƙugu, sai savasana, kwanciya shiru.

Ranar ƙarshe 'yata ce ke ƙirga mini numfashi. Uku na yi a sama, ita ta dage biyu da rabi ne. Bayan nawa ya yi sauƙi sosai. Na soke rajistar, amma kafin nan sai da na kwafe jerin a littafi, na rage tsugunno zuwa minti ɗaya, na mayar wa wuyan hannu sauran.