Wata huɗu da MySQL 8.0: dabarar @lamba ta ƙare mini

Na daɗe a kan MySQL 5.7, manhajar nan ta rumbun adana bayanai, har sai da aka daina ba shi tallafi a watan Oktoban 2023, sannan na fara shirin ƙaura zuwa sigar 8.0, shi ma da jan ƙafa. Yanzu wata huɗu ke nan ina aiki da 8.0, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya raba ni da wata tsohuwar dabara da nake alfahari da ita.

Ina da rubutun umarni da ke jera ɗalibai bisa makinsu, ya fitar da na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe. Tunda 5.7 ba shi da hanyar yin wannan kai tsaye, sai na bi abin da kowa ke yi: 'yar ma'ajiyar nan mai riƙe ƙima ta ɗan lokaci, mai alamar @ a gaba. In sa mata sifili da SET, sannan a cikin SELECT, umarnin ciro bayanai, in rubuta @lamba := @lamba + 1 don ta ƙaru da ɗaya a kowane layi, in rufe da ORDER BY maki DESC, mai jera maki daga babba zuwa ƙarami. Shekaru tana aiki lafiya ƙalau.

Mako biyu bayan ƙaurar, na ƙara JOIN don in jawo sunayen ɗalibai daga wani tebur. Sakamako ya fito a jere, mai maki 94 a sama kamar yadda ya dace, amma lambar da ke gefensa 17 ce. Na ƙasansa 3. Na bi su da ido, babu kai babu gindi. Nan take na ɗora wa sabon sigar laifi. Sai da na kunna tsohuwar sabar gwaji mai 5.7 na zuba mata umarnin, ita ma ta ba ni shirme iri ɗaya. Ashe ni ne da laifin.

Abin da ya faru shi ne, injin ya haɗa teburan biyu, ya raba lambobi yayin da layuka ke shigowa, ya ajiye su a teburin wucin gadi, daga baya ya jera. Ni kuwa a kaina jerawa ke zuwa kafin ƙirga, don haka na saba gani. Littafin jagorar MySQL ya faɗa ƙarara tun da daɗewa cewa ba a ɗau alkawarin wanne za a fara lissafawa ba idan ka sa wa ma'ajiya ƙima kuma ka karanta ta a umarni guda, in ban da irin SET @a = @a + 1. Na sha wuce wurin nan ban tsaya ba. Sa'a ce kawai ta riƙe ni duk tsawon lokacin.

A nan ne 8.0 ya burge ni. Tun daga 8.0.13 yana fitar da gargaɗi duk sanda ka yi amfani da := a cikin SELECT, yana sanar da kai cewa salon na kan hanyar fita. Da farko gargaɗin ya ishe ni, amma shi ya tono mini wasu rubutun guda shida masu irin wannan cutar, ciki har da wanda ba ya mayar da @lamba sifili. Ma'ajiyar kuwa tana nan da ƙimarta muddin ba ka katse haɗin ba, don haka in ka sake kunna shi, ƙirgar daga inda ta tsaya za ta ci gaba.

Maganin kuma na cikin gida. ROW_NUMBER tare da OVER yana ba ka damar faɗa wa injin ainihin tsarin da zai bi ya yi ƙirga, PARTITION BY ya sa kowane aji ya fara daga ɗaya. Layi goma sha ɗaya suka koma huɗu. Har na samu kyauta: RANK yana ba ɗalibai biyu masu maki ɗaya matsayi ɗaya, abin da a da nake yi da ma'ajiya biyu da addu'a.

Abu guda da bai sauya ba, kuma ya kamata mai shigowa daga PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, ya kiyaye, shi ne UPDATE, umarnin sauya ƙimomin da ke cikin tebur. Rubuta SET a = b, b = a da niyyar musanya ƙimomi: PostgreSQL zai musanya, domin tsofaffin ƙimomi yake dubawa a ɓangarorin biyu, kamar yadda ƙa'idar SQL ta tanada. MySQL daga hagu zuwa dama yake bi a tebur guda, sai a da b duk su tashi da ƙimar b. In teburan sun fi ɗaya, ko wannan jerin ma ba a lamunce maka ba. An rubuta shi a jagora, ba ɓoyayyen abu ba ne, sai dai na so a ce akwai makunnin sauya halin, irin SIMULTANEOUS_ASSIGNMENT da MariaDB, ɗan'uwan MySQL, ya kawo a sigarsa ta 10.3.

Zan ba MySQL 8.0 huɗu cikin biyar. Rubutu biyu suka rage mini masu := a ciki, kuma na jarabawar zango mai zuwa na cikinsu.